Daga ƙashin kifi zuwa takalmin gilashi: yadda tatsuniyar Sindirela ta riƙa sauya kama

Yaron da ya kalli katun ɗin Sindirela da idon basira yakan jefo wata tambaya da manya ba su cika amsawa ba. Sha biyun dare ta buga, keken doki ya koma kabewa, dawaki sun koma ɓeraye, rigar alfarma ta koma tsumma, to me ya hana takalmin gilashin rikiɗewa? Amsar tana cikin tarihin labarin. Takalmin ya girmi kabewar da ɗaruruwan shekaru. Shi gadonsa aka yi daga tsofaffin tatsuniyoyi, ita kuwa kabewa wani marubucin Faransa, Charles Perrault, ne ya ɗinka ta a jikin labarin a 1697. Ya ma lura da matsalar, shi ya sa a rubutunsa tufafin yarinyar da sandar sihiri aka taɓa su suka rikiɗa, takalmin kuwa miƙa mata shi aka yi a hannu kamar kyauta. Masu fim da yawa sun tsallake wannan 'yar dabara, sai ɗinkin ya fito fili.

Tatsuniyar ba ta da uba ɗaya. A 1893 wata Baturiyar Ingila, Marian Roalfe Cox, ta tattara nau'o'i 345 nata da na dangoginta a littafi guda. A 1951 Anna Birgitta Rooth ta ƙasar Suwidin ta yi nazari a kan wajen 700. A kundin da masana ke jera tatsuniyoyin duniya bisa tsarin Aarne, Thompson da Uther, lambarta 510A. Abin da ya haɗa su duka gaɓoɓi huɗu ne: yarinyar da aka wulaƙanta a gidan ubanta, taimakon da ya zo mata ta hanyar da ba a saba gani ba, haɗuwa da mai mulki alhali bai san ko wace ce ba, sai wata alama da ta tona asirinta. Waɗannan ba sa motsi. Wurin da kowane mai sabunta labarin ke sa hannu uku ne: wane ne mai taimako, mece ce alamar, kuma me za a yi da azzalumai a ƙarshe. A cikin ukun, na farko ya fi nauyi, domin da zarar an taɓa shi sai halin yarinyar kansa ya canza.

Kafin kabewa

Akan fara lissafi da Rodofis, wadda Strabo, Bagirken da ya rubuta labarin ƙasa wajen shekara dubu biyu da suka wuce, ya ambata. Tana wanka a Naukratis ta Masar, gaggafa ta sure takalminta ɗaya, ta kai Mamfis ta saki a cinyar sarki yana zaman shari'a a fili, shi kuma ya sa aka nemo mai shi ya aura. Iyakarsa ke nan. Babu kishiyar uwa, babu toka, babu biki. Bayin da ke cin zalinta a littattafan yara na yanzu ƙari ne da aka yi daga baya don labarin ya yi kama da wanda aka sani.

Cikakkiyar siga mafi tsufa a rubuce daga ƙasar Sin ta fito. Duan Chengshi, wani ma'aikacin daular Tang da ya rasu a 863, ya rubuta labarin Ye Xian, ya kuma faɗi cewa daga bakin wani tsohon baransa mutumin kudu ya ji shi. Uban yarinyar shugaban jama'arsa ne mai mata biyu. Uwarta ta rasu, uban ya bi ta, ta zauna a hannun kishiyar uwa. Ta samo wani ɗan kifi mai jan fiffike da idon zinariya, ta riƙa ciyar da shi daga ragowar abincinta har ya ƙasaita, kuma ba ya leƙowa sai in ita ce a bakin tafkin. Matar uban ta sa rigar yarinyar ta yaudare shi, ta yanka, ta cinye, ta binne ƙashin a juji. Ƙashin nan da yarinyar ta tono ta ɓoye shi ne ya riƙa biya mata buƙata, har ya ba ta rigar gashin tsuntsu da takalman zinariya ta je biki. A can 'yar matar uban ta soma gane ta, sai ta gudu, takalmi ɗaya ya zame. Aka sayar da shi, ya yi ta yawo har hannun sarkin wani tsibiri mai suna Tuohan. Matar uban da 'yarta duwatsu ne suka faɗo musu suka mutu. Akwai wani guntun ƙarshe da littattafan yara ke yarwa: sarkin ya matsa wa ƙashin da roƙon dukiya, bayan shekara guda ya daina amsa masa.

Abin lura a nan, taimakon ba daga sama ya faɗo ba. Ita ta ciyar da kifin.

A Turai, wanda ya fara sa ta a littafi sosai shi ne Giambattista Basile na Nafoli a Italiya. Ya rasu a 1632, aka buga tarin tatsuniyoyinsa hamsin tsakanin 1634 da 1636, da karin harshen garinsu, don nishaɗin manyan fada. Tauraruwarsa Zezolla ce, kuma ba yarinyar da za a nuna wa ɗalibai a ce su yi koyi da ita ba ce. Malamar ɗinkinta ta zuga ta, ta saki murfin adaka a wuyan matar da ubanta ya auro bayan rasuwar uwarta, lokacin da matar ta sunkuya neman kaya, ta mutu. Zezolla ta lallaɓa uban ya auri malamar. Ba a daɗe ba amarya ta fito da 'ya'ya shida da ta ɓoye, aka kora Zezolla gindin murhu, aka laƙaba mata sunan kyanwar toka. Da uban zai yi tafiya Sardiniya, Zezolla ta ba shi saƙo zuwa ga aljanun tsibirin, ya dawo mata da dashen dabino, da 'yar fartanya da guga na zinariya, da ƙyallen siliki. Ta shuka, ta yi ban ruwa, ta yi noma, cikin kwana huɗu dabino ya kai tsayin mace. Shi yake tufatar da ita ta je biki, inda sarki ya gan ta. Baran sarki ya bi ta sau uku: na farko ta watsa masa kuɗi, na biyu lu'ulu'u, na uku abin ƙafarta ya faɗi, wani irin takalmi mai tudun ƙasa da matan lokacin ke ɗorawa a kan na ciki. Ranar gwaji takalmin da kansa ya yi tsalle ya shige ƙafarta kamar ƙarfe ya ga maganaɗisu. Kisan da ta yi kuwa ba wanda ya sake ta da zancensa.

Abin da Perrault ya yi

Perrault babban ma'aikaci ne a gwamnatin Sarki Louis na 14, kuma masu karatunsa mutanen zaurukan hira ne na Faris, waɗanda ke auna mutum da ladabi da iya magana. A littafinsa na 1697 mai tatsuniyoyi takwas, ya tsabtace labarin daga jini gaba ɗaya. Kayan aikin da ya jera ƙididdigaggu ne. Kabewa ɗaya da aka rarake cikinta aka bar ɓawo. Ɓeraye shida daga tarko suka zama dawaki shida. Babban ɓera mai ƙasumba, wanda aka zaɓa cikin uku, ya zama direban keke, kuma Sindirela ce da kanta ta kawo shawarar a duba tarkonsa. Ƙadangaru shida daga bayan tulun ban ruwa suka zama zagage. Bikin dare biyu ne. Daren farko ta tashi sha biyu saura kwata, bayan ta zauna kusa da 'ya'yan matar ubanta ta raba musu lemo ba su gane ta ba. Dare na biyu hira ta ɗauke ta har agogo ya soma bugawa. Da aka zo gwaji ita ta nemi a bar ta ta gwada, tana dariya, sannan ta zaro ɗayan daga aljihu. Ta yafe wa 'yan matan biyu, ta kai su fada, ta aurar da su ga manyan fadawa a ranar.

Babban sauyin shi ne mai taimako. Ya cire dabba da bishiya, ya kawo aljana wadda take uwar baftismar yarinyar, wato macen da a al'adar Kiristocin Turai ke tsaya wa jariri ranar baftisma ta ɗauki nauyin kula da shi. A Faransa ta wancan zamani wannan dangantaka hanya ce ta samun aiki da aure da shiga fada. Perrault bai ɓoye ba: ya rufe labarin da darussa biyu a waƙe, na biyun yana cewa hankali da jarunta da asali duk ba sa kai mutum ko'ina in ba shi da wanda zai tsaya masa. Mai uwa a gindin murhu ke nan, da bakin Bafaranshe. Littattafan yara kusan duk sun yar da wannan darasi na biyu, sun riƙe aljanar. Sakamakon shi ne mataimakiyar da ba a san inda take ba duk shekarun da ake gallaza wa yarinyar, sai daren biki ta ɓullo. Daga wannan gurbi ne zargin da ake yi wa Sindirela na zaman jiran tsammani ya samo tushe.

Akwai wani zance da ya daɗe yana yawo cewa takalmin asalinsa na gashin kurege ne, wai an rikita kalmar vair da verre don furucinsu ɗaya a Faransanci. Marubuci Balzac na cikin waɗanda suka yaɗa shi a ƙarni na 19. Ba shi da madafa, domin verre, wato gilashi, tana nan ɓaro-ɓaro a kan sunan tatsuniyar tun bugun 1697. Gilashin kuma yana da aiki: ba ya miƙewa, ba ya lanƙwasa, ana hango ƙafar a ciki, don haka ba a yi masa dabara. Robert Samber ya juya littafin zuwa Ingilishi a 1729, daga nan sigar Perrault ta shiga ƙananan littattafan kwabo-kwabo na Ingila.

Jamusawa sun dawo da kabari

'Yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da tasu, mai sunan tauraruwarta Aschenputtel, a 1812, ita ce ta 21 a tarinsu. Mutane na ɗauka ita ce ta asali saboda ta fi tsanani, alhali ta zo bayan ta Perrault da shekara 115, kuma su ma sun yi ta gyara ta har bugu na bakwai a 1857. A bugun farko akwai keken doki da gargaɗin dawowa kafin tsakar dare, abubuwan da ke warin Faransa. Daga bugun 1819 suka kankare su.

Sigar da ta tabbata ta ɗaure komai a kabarin uwa. Uban zai je kasuwa, agololinsa suka ce tufafi da lu'ulu'u, 'yarsa ta ce reshen farko da ya taɓa hularsa a hanyar dawowa. Ta dasa reshen a kan kabarin, ta shayar da shi da hawaye, tana zuwa sau uku kullum, wani farin tsuntsu na sauka a kai yana jefo mata abin da ta roƙa. Bikin kwana uku ne. Matar uban ta zuba kwanon wani ƙanƙanin wake cikin toka ta ce ta tsince cikin awa biyu, da ta gama aka ƙara kwano biyu cikin awa ɗaya, tattabaru suka taya ta, duk da haka aka hana ta zuwa. Ta tafi da ƙafarta ba tare da izinin kowa ba. Daren farko ta ɓuya a akurkin tattabaru, na biyu ta haye bishiya, duka biyun uban ya sa gatari ya sare yana zargin ko 'yarsa ce. Dare na uku ɗan sarki ya sa aka shafe matakala da kwalta, takalmin hagu na zinariya ya manne. A nan faɗuwar takalmin tarko ne da aka ɗana, ba tsautsayi ba.

'Yan matan biyu a wannan siga kyawawa ne, zuciyarsu ce baƙa. Uwarsu ta miƙa wa babbar wuƙa ta yanke babban yatsa, ƙaramar ta yanke dunduniya, da hujjar cewa matar sarki ba ta tafiya a ƙasa. Sau biyu ɗan sarki yana ɗaukar amaryar bogi a kan doki, sai an zo wucewa ta kabarin tattabaru su ce ya duba jini a takalmi. Ƙwaƙule idanun 'yan matan da tattabaru suka yi ranar ɗaurin aure babu shi a bugun 1812, a 1819 aka ƙara. Wato a daidai lokacin da Wilhelm ke gyara littafin don ya dace da yara, ya rage abin da ya shafi batsa a tarin, ya ƙara horo. A ganin iyayen zamanin, azaba ga mugu tarbiyya ce.

Wani kuma ya ɗauki tarbiyyar ya wuce gona da iri. George Cruikshank, shahararren mai zane na Ingila da ya koma yaƙi da giya, ya fitar da tasa Sindirelar a 1854, inda aljanar ta hana sarki buɗe maɓuɓɓugan giya ranar biki, aka tara duk barasar gari aka cinna mata wuta. Marubuci Charles Dickens ya riga ya caccaki irin wannan gyara nasa a wata maƙala a 1853. Sigar ba ta yi rai ba, domin wa'azin ba daga cikin labarin ya tsiro ba.

Ta gidanmu

Hausawa ba sa buƙatar a fassara musu 'yar bora da 'yar mowa. A cikin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, waɗanda Neil Skinner ya juya zuwa Ingilishi daga baya, akwai ta yarinya da kwaɗo da ɗan sarki. Uwarta bora ce ta rasu, kishiya ta riƙe ta, ita ce itace, ita ce daka, ita ce tuƙi, abincinta ƙanzo. Ƙanzon nan take kaiwa kududdufi tana watsa wa kwaɗi. Ranar salla babban kwaɗo ya rama alheri: ya haɗiye ta ya amayo ta da kyau, ya amayo mata tufafi da kayan ado da takalma, ɗaya na azurfa ɗaya na zinariya, ya kuma umarce ta ta bar na zinariyar a dandali in za ta tafi. Masanin tatsuniya William Bascom ya yi rubutu a kanta a 1972, yana bin sawun yadda wannan nau'i ya samu a Afirka. Ko ta ina ta shigo, ta sha ruwan gida: a Turai uba mata ɗaya yake aura bayan ɗaya, a nan kishi ne na mata biyu a gida ɗaya tun uwar tana raye, kamar yadda yake a ta ƙasar Sin. Labarin kuma bai tsaya a ɗaurin aure ba, ya bi amarya har ɗakinta, inda aka yi yunƙurin musanya ta da 'yar mowa.

Dandamali da majigi

Da labarin ya hau dandamali sai kayan aiki suka soma yi masa hukunci. Gioachino Rossini ya tsara wasan waƙe irin na opera a kansa cikin kusan mako uku, aka fara nuna shi a gidan wasa na Valle a Rum ranar 25 ga Janairu 1817. Babu sihiri ko ɗaya. Matar uba ta koma mijin uwa, Don Magnifico, mai sarautar da ta tsiyace. Aljana ta koma Alidoro, malamin yarima, wanda ya zo gidan da shigar almajiri, 'yan matan biyu suka kore shi, Angelina, wato Sindirelar wasan, ta ba shi burodi da gahawa. Yarima ya yi musanyar tufafi da baransa Dandini don ya ga halin kowa. Takalmi ya koma munduwa. Ana yawan danganta wannan da cewa a Rum ta lokacin ba za a lamunci mace ta fito da ƙafarta a gaban jama'a ba. Ko mene ne dalili, gyaran ya toshe ramuka uku a lokaci guda: an ga abin da ta yi ta cancanci taimako, ta so mutumin tana zaton bara ne, kuma ita ta ciro munduwa ɗaya cikin biyu ta ba shi ta ce ya nemo ta. A duk sigogin da suka biyo bayan Perrault, da wuya a sami wadda ta fi wannan tsari.

A Ingila labarin ya zama wasan barkwanci na lokacin Kirsimeti, inda maza ke fitowa a matsayin 'yan matan biyu, mace kuma ta fito a yarima. Munin da aka san su da shi yau a nan ya yi ƙarfi, don a ba 'yan kallo dariya. Masu majigi kuwa abin da Rossini ya gudu shi suka runguma. Georges Méliès ya yi fim ɗinsa na minti shida a 1899, dabararsa ita ce a tsayar da kyamara, a ɗauke kabewa a ajiye keke, a ci gaba da ɗauka. Rikiɗar da ke wahalar da dandamali ita ce abin da kyamara ta fi iyawa, shi ya sa fim ya zaɓi Perrault ya bar Grimm. Lotte Reiniger ta Jamus ce ta bi Grimm a 1922 da hotunan inuwa na yankakkiyar takarda, har da yankan ƙafar. Prokofiev, mai tsara kiɗa na Rasha, ya yi wa tatsuniyar kiɗan rawar bale da aka fara a Mosko a 1945.

Fim ɗin Disney na Fabrairun 1950 shi ya danne sauran. Kamfanin ya fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da bashi, rabonsa da cikakken fim mai labari ɗaya tun 1942, don haka aka yi tsimi: an fara ɗaukar yawancin wasan da mutane na gaske, Helene Stanley tana motsin Sindirela, masu zane suna bin sawu don kada a ɓata zane. Matsalar farko tsawo ce. Tatsuniyar Perrault 'yan shafuka ce, fim kuwa minti 74. Aka cike gurbin da ɓeraye masu magana, Jaq da Gus, da kyanwa Lucifer, har rikicinsu ya cinye babban kaso na rabin farko. Aka kashe uban tun a gabatarwa, domin uban da ke raye yana kallo ana bautar da 'yarsa, kamar yadda yake a Perrault da Grimm da Basile, abu ne da 'yan kallo ba za su haɗiye ba. Aka mai da biki biyu ɗaya. Aka ƙirƙiro yaga rigar uwarta da ɓeraye suka gyara mata, da kulle ta a ɗakin sama, da fasa takalmin da matar uban ta jawo.

Wasu gyare-gyaren sun yi kyau. Matar uban, Lady Tremaine, ba ta da sihiri ko kaɗan, murya ƙasa-ƙasa da kallo kawai take amfani da su, kuma ta fi mayu da yawa ban tsoro. Fasa takalmin ya ba fito da ɗayan nauyin da ba shi da shi a Perrault. Amma a tara sauye-sauyen a ga abin da suka haifar. Biki ɗaya na nufin yarima ya yanke shawarar aure daga rawar dare guda, bai ko tambayi suna ba. Shi kansa ba a kira sunansa a fim ɗin, maganarsa ba ta taka kara ta karya ba, ba ma shi ya fita neman mai takalmin ba, wakili aka aika. Makullin ɗaki ɓeraye suka sato. Zezolla ta yi noma ta yi wayo, Aschenputtel ta haye bishiya ta tsere, wannan kuwa an rage mata abin yi har ya zama kusan komai yi mata ake yi. Marubuciya Jane Yolen ta yi wannan ƙorafi a 1977, a 1981 kuma Colette Dowling ta ari sunan Sindirela ta laƙaba wa tsoron dogaro da kai da ta ce yana damun mata.

Masu gyaran ɓaraka

Kusan duk wanda ya taɓa labarin daga baya ƙoƙarin toshe ramukan nan yake yi, kuma dabarun ba su da yawa. Ta farko, a haɗa su kafin biki. Fim ɗin haɗin gwiwar Cekoslobakiya da Jamus ta Gabas na 1973, wanda Václav Vorlíček ya ba da umarni, ya sa ta gamu da yarima a daji cikin dusar ƙanƙara, ta fi shi iya harbi, a wurin biki kuma ta rufe fuska ta ba shi kacici-kacici. Taimakonta 'ya'yan itace uku ne, kowanne da tufafi a ciki: na farauta, na rawa, na aure. Rufe fuskar ya amsa tambayar me ya sa bai gane ta ba sai da takalmi. Har yau ana nuna shi duk Kirsimeti a talabijin a Jamus da Norwe da ƙasar Cek.

Ta biyu, a cire sihiri. Ever After na 1998 ya kai labarin Faransa ta ƙarni na 16, ya sa Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen Italiya, a gurbin aljana, yarinyar kuma ta kuɓutar da kanta kafin yarima ya iso. Ta uku, a bar labarin yadda yake a sauya fuskoki. Wasan waƙe na Rodgers da Hammerstein, wanda Julie Andrews ta fito a ciki kai tsaye a talabijin a 1957 gaban masu kallo sama da miliyan 100, an sake shi a 1997 da Brandy, baƙar fata, a matsayin Sindirela, Whitney Houston a aljana, yarima ɗan asalin Filifin, sarki farar fata, sarauniya baƙa, ba tare da an tsaya yi wa kowa bayani ba.

Kowace dabara da kuɗinta. In aka ƙarfafa yarinyar sosai, sai mai kallo ya tambaya me ya zaunar da ita a gidan, dole a ƙirƙiro dalili. Fim ɗin Disney na 2015 da Kenneth Branagh ya jagoranta ya ce alkawari ta yi wa iyayenta na riƙe gidan, ya dawo da uwar cikin labarin ta hanyar wasiyya, ya haɗa ta da yarima a daji, ya sa aljanar ta yi wani sihiri na musamman don kada mutanen gidan su gane ta, ya kuma ba matar uban tarihin baƙin cikinta. In kuma aka tausaya wa matar uba fiye da kima, sai zaluncin ya yi sanyi, nasarar ƙarshe ta rasa daɗi. In aka cire sihiri aka bar takalmi, sai hankali ya ce ai ƙafa nawa ne a gari masu lamba ɗaya. A tsofaffin sigogi wannan ba matsala ba ce, domin takalmin na Ye Xian ya fi ƙafar kowa ƙanƙanta, na Zezolla shi ke neman mai shi. Takalmin lu'ulu'un da kamfanin Swarovski ya ƙera don fim ɗin 2015 kuwa bai shiga ƙafar Lily James ba. Da na fata ta yi wasan, daga baya aka ɗora mata na gilashin da kwamfuta.